Likita ma sai da ciniki: abin da yajin aikin likitoci ke koya wa 'ya'yan zango



Duk wanda ya kai mara lafiya asibitin gwamnatin tarayya a watan Nuwamban 2025 ya san abin da ya tarar. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, wato NARD, ta shiga yajin aiki ranar 1 ga wata, ba ta janye ba sai da aka kusa cika wata guda. Waɗannan likitocin su ne ke riƙe da asibitocin koyarwa dare da rana, irin su LUTH da ke Idi-Araba a tsakiyar mutanenmu, da UCH ta Badun da ba ta da nisa da Sabo. In suka ajiye aiki, mai kuɗi ya wuce asibitin kuɗi, talaka kuma ya koma kemis ko ya zauna gida yana jiran ikon Allah.

A majalisunmu maganar da aka fi yi ita ce likitoci sun cika son kuɗi. Ni ra'ayina ya bambanta. Ɗan mai fataucin shanu ne ni, a kara na tashi, karatuna a sakandare ya tsaya, amma ciniki kam na san shi. Abin da nake gani shi ne ciniki ne ya lalace tsakanin likita da mai ɗaukarsa aiki. Kuma yanzu da 'ya'yanmu na zango suka fara fitowa likitoci, maza da mata, maganar ta shigo gidajenmu. Yaron da bai iya cinikin aikinsa ba, ko dai a cuce shi, ko ya gaji ya bar ƙasar. Ko wanne ya faru, mu ne da asara.

Yadda gwamnati ke biyan likita

A aikin gwamnatin tarayya likita ba ya zama da kowa ya yi ciniki shi kaɗai. Akwai tsarin albashi da ake kira CONMESS, wanda aka kawo a 2009, mai mataki bakwai. Sabon likita mai aikin horo na shekara ɗaya yana matakin farko, manyan ƙwararru suna can sama. Farashi ɗaya ne ga kowa, kamar a ce an ƙayyade kuɗin kowane sa a kasuwa, mai ƙiba da ramamme. Tunda mutum ɗaya ba shi da bakin tayawa, ƙungiya ce ke yin cinikin, kuma in an ƙi sauraronta ba ta da abin yi sai yajin aiki.

Duba yadda abin ke tafiya. Shekaru masu yawa alawus ɗin haɗarin aiki na likita naira 5,000 ne a wata, har zamanin korona ya zo ya same shi a haka. A 2021 likitocin suka yi yajin aiki na fiye da wata biyu, daga Agusta zuwa Oktoba, gwamnati ta ce ba aiki ba biya. Sai a ƙarshen shekarar aka ɗaga alawus ɗin zuwa tsakanin 32,000 da 40,000. A 2023 NARD ta nemi ƙarin kashi 200 cikin ɗari a albashi, gwamnati ta taya kashi 25, sai matakin ƙoli da aka ba kashi 35. Ko wannan ɗin ma ba a biya shi a kan lokaci ba, domin ariyas ɗinsa na cikin abubuwan da aka sake yin yajin aiki a kansu a 2025.

To me ya sa suka nemi har kashi 200? Ka tuna a 2023 ɗin aka cire tallafin mai, aka kuma saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar. Mu ɗauka albashin mutum naira 400,000 ne. A tsohon farashi kusan dala 870 ke nan, a sabon kuma bai kai dala 270 ba. Ƙarin kashi 25 bai toshe ko rabin wannan ramin ba. Mu a kara mun ga haka da idonmu: kuɗin tirela daga Potiskum ko Maigatari ya tashi, dusa ta tashi, mu ma muka ɗaga farashin sa. Wa ya ce mana mun cika son kuɗi? Mu dai muna da bakin cewa "albarka". Likitan gwamnati ba shi da shi.

Kuma kada mu manta mu ma mun taɓa yin namu yajin aikin. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu. Cikin 'yan kwanaki nama da tumatir suka yi tsada a Legas, aka kira shugabanninmu aka zauna, a farkon Maris aka buɗe hanya. Mutanen gari sun sha wahala a lokacin, amma mun ce ba a jin kukanmu sai mun yi haka. Hujjar likitoci ke nan, ba ƙari ba ragi.

Kasuwa ta buɗe, mai saye ya yi yawa

Abin da ya canja lissafi shi ne yanzu likitan Najeriya yana da masu taya shi a waje. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage kuma wajen 55,000 ne, ga al'umma fiye da miliyan 200. Ingila na ɗauka, Saudiyya na ɗauka, Kanada da Amurka haka. A Agustan 2021 har wani otal a Abuja aka zo ana tantance likitocin da za su tafi Saudiyya, likitoci suka yi layi.

Martanin 'yan siyasarmu fa? A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya nuna cewa muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. A Afrilun 2023 kuma wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin da zai hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Wato ɗaya ya ce ba mu buƙatar kayan, ɗaya ya ce a ɗaure kayan da igiya. Duk wanda ya san kasuwa ya san in maƙwabcinka ya fi ka taya, ba ka rufe ƙofar kara, ƙara kuɗi kake yi ko ka gyara mu'amala. A 2001 aka yi alƙawari a Abuja cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba.

Jihohi ma kowacce da nata. Mutanen Legas za su tuna 2012, lokacin da gwamnatin Fashola ta sallami likitoci 788 saboda yajin aiki a kan wannan CONMESS ɗin, daga baya aka mayar da su. Saboda haka yaron da zai karɓi aikin jiha, tambayarsa ta farko ita ce: jihar nan tana biyan tsarin tarayya cikakke ne, ko wani kaso? A wane mataki za a ɗora ni? Ana biyan alawus ɗin kwanan asibiti da na haɗari? Ko da ba za ka iya canja farashin ba, ka san abin da kake sa wa hannu.

Inda ake ciniki na gaske

Asibitocin kuɗi, waɗanda suka cika Legas da Badun da Fatakwal, nan ne likita ke zama gaba da gaba da mai asibiti. Kuma nan ne nake ganin ana cin 'ya'yanmu da kunya. An yi mana tarbiyya cewa yaro ba ya ja-in-ja da babba a kan kuɗi. Yaro ya yi shekara shida a jami'a, shekara ɗaya aikin horo, shekara ɗaya bautar ƙasa, uban ya sayar da shanu ya biya, amma ranar da aka ce masa "ga abin da za mu ba ka" sai ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. Uban da ya haife shi kuwa zai yi awa guda yana ja a kan naira dubu biyar a cinikin bijimi ɗaya.

Wata 'yar uwarmu ta samu tayin aiki a wani asibitin kuɗi a Legas. Aka faɗa mata adadi a baki, ta dawo gida da murna. Mahaifina ya tambaye ta, "Kwana nawa za ki yi a asibitin a mako?" Ta ce, "Baba, ba su faɗa ba." Ya ce, "Kuɗin nan, kafin a cire haraji ne ko bayan an cire?" Ta ce ba ta tambaya ba. Ya ce, "To 'yata, cinikin biri a sama kika yi. Koma ki ce su rubuta." Da takardar ta fito, ashe kwana ɗaya a gida ne, kwana ɗaya a asibiti, kuma adadin kafin cire-cire ne. Ta koma ta zauna da su cikin ladabi, aka rage kwanakin, aka rubuta cewa duk kwanan da ya ƙaru za a biya shi daban. Ba a kore ta ba, ba a kuma ce ta yi rashin kunya ba.

Ga abubuwan da nake ganin ya kamata kowane sabon likita ya riƙe, yadda muke yi a kara.

Na farko, ka zaga kasuwa kafin ka buɗe baki. Ba wanda ke sauke shanu ya sallama wa mai tayin farko bai ji yadda kasuwa ta kwana ba. Tambayi abokan karatunka da waɗanda suka riga ka nawa ake biya a asibitoci irin wannan, a unguwa irin wannan. Ka san abin da takwaranka ke ɗauka a aikin gwamnati, domin shi ne ma'aunin da kowa ya sani. In da hali ka samu tayi biyu, don mai tayi biyu shi ke da bakin magana.

Na biyu, bar mai saye ya fara tayawa. In an ce "nawa kake so?", ka ce a fara gaya maka yadda aikin yake da abin da aka ware masa. In an matsa, ka faɗi adadin da ya ɗan haura abin da za ka sallama, tare da dalilinka. Kuma tun daga gida ka yanke wa kanka adadin da in an sauka ƙasa da shi za ka ce albarka ka tashi.

Na uku, ka lissafa awa, kada adadi ya ruɗe ka. Mu ɗauka naira 400,000 ce. In awa 40 kake yi a mako, wato wajen awa 160 a wata, kowace awa ta tashi 2,500. In kuwa da kwanan asibiti awa 80 kake yi, ta koma 1,250. Aiki ɗaya, albashi ɗaya a takarda, amma rabin kuɗi. Ka tambaya: kwana nawa a mako? In na kwana, washegari hutu ne ko zan zarce? Likita nawa ne a asibitin? In ɗaya ya tafi, wa zai ɗauki aikinsa, kuma da wane lada? Likitan da bai yi barci ba haɗari ne ga mara lafiya, kuma in kuskure ya faru lasisinsa ne a gaba, ba na mai asibiti kaɗai ba.

Na huɗu, ka san abin da zai shigo hannu. Mu ba ma kiran kuɗin sa riba sai mun cire kuɗin mota, da na shingayen hanya, da la'adar dillali, da abincin yara. Haka albashi: akwai haraji, akwai fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10. Ka tabbata nasa kason yana shiga asusunka da gaske, ba a takarda kawai ba. Sannan gida. A Legas aikin da ya zo da ɗaki kusa da asibiti zai iya fin wanda ya ɗara shi albashi, in za ka riƙa tasowa daga Agege zuwa Lekki kullum, ga kuɗin mota ga cunkoso ga haya ta shekara.

Na biyar, abin da ba kuɗi ba shi ma a sa shi a ciniki. Wa zai biya sabunta lasisi na shekara-shekara? Akwai inshorar da za ta kare ka in an kai ƙara? Za a ba ka lokacin karatu da zuwa jarrabawar neman ƙwarewa? Hutun shekara kwana nawa, hutun haihuwa wata nawa? Lokacin sallar Juma'a da maganar hijabi, a warware su tun ran gini, kada a bari sai an fara aiki. Sau da yawa mai asibitin da ya ce ba zai iya ƙara ko kwabo ba zai yarda da waɗannan.

Na shida, ƙofar fita. Lokacin gwaji wata nawa ne, kuma bayansa za a ƙara? A wannan zamani na tsadar kaya, ka nemi a rubuta cewa za a sake duba albashi duk shekara. Notis na barin aiki ya zama daidai ga ɓangarorin biyu. Kada ka miƙa wa kowa takardunka na asali ya riƙe. In an ce ka ɗaure kanka na wasu shekaru, ka ga me aka ba ka a madadin haka. A kara ma muna ba mahauta shanu bashi, amma sai da maigida da ya tsaya a kai, da shaidu, da ranar biya. Takardar ɗaukar aiki ita ce maigidanka, ita za ka ɗauka zuwa kotun ma'aikata in abu ya ɓaci. Kar a gaggauta ka: ka ce za ka je gida ka karanta, ka nuna wa wanda ya sani.

Mai shirin fita waje ma bai tsira ba. A 2022 BBC ta yi bincike a kan likitocin Najeriya da aka ɗauka aiki a wasu asibitocin kuɗi na Ingila, inda suka ce ana sa su zaman ko-ta-kwana dare da rana har mako guda a jere. Fam da riyal suna da daɗin ji in an canja su zuwa naira, amma haya da haraji ma da kuɗin can ake biya. Ejan da ya ce ka ba shi kuɗi kafin ka ga kwantiragi, ka yi hattara da shi. Dillalin kirki sai ciniki ya faɗa yake karɓar la'ada.

Akwai kuma jarin da ɗan zango yake da shi wanda bai san darajarsa ba: harshe. Likitan da ke jin Hausa da Yarabanci da Turanci, a asibitin da ke kusa da Mile 12 ko Agege ko Sabo, shi ne zai jawo mutanenmu. Balle likita mace. Mun san iyayenmu mata da yawa da ke ɓoye ciwo saboda ba za su iya faɗa wa namiji ba, ko ta bakin tafinta. Wannan abu ne da mai asibiti zai ci riba da shi, don haka a sa shi a kan sikeli lokacin ciniki.

Ina iyakar cinikin?

Wani zai ce, Malam, ran ɗan Adam ba sa ba ne. Gaskiya ne. Shi ya sa ake ciniki da mai ɗaukar aiki a ofis, kafin a fara, ba da mara lafiya a kan gado ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa. Kuma ba zan ɓoye ba, yajin aiki mu talakawa yake fara ci, domin manyan da ake rigimar da su ba asibitin gwamnati suke zuwa ba. Ya kamata ƙungiyoyin likitoci su riƙa barin sashen gaggawa da ɗakin haihuwa a buɗe ko ana yajin. Amma in za a raba laifi, babban kaso na wanda ya sa hannu a yarjejeniya ne ya ƙi cikawa. A kara, wanda ya taya aka sallama masa sannan ya ƙi biya, ba a sake ba shi kaya.

Namu aikin

Saura mu kanmu, iyaye da shugabannin zango. Muna alfahari da "ɗanmu likita", amma muna so ya duba mu kyauta, a gida, ƙarfe biyun dare, in ya yi maganar kuɗi mu ce boko ya ɓata shi. In wata ƙungiyarmu ta buɗe ƙaramin asibiti, sai a nemi yaron ya karɓi abin da bai kai kuɗin motarsa ba wai don taimakon al'umma. Wata shida ya gudu, a ce ba shi da kishi. Araha ba ta ado, jama'a.

In da gaske muna son likitan da ke jin yarenmu ya zauna a cikinmu, mu yi masa tayi na mutunci. Ga misali: kasuwar da ake sayar da shanu 200 a rana, in aka ware naira 500 a kan kowane kai, 100,000 ke nan a rana, miliyan 3 a wata. Wannan zai riƙe likita da nas da ungozoma, har a sayi magani. Na san 'yan kasuwa sun gaji da karɓe-karɓe, don haka sai da asusu a banki, da sa hannun mutum uku, da karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara da na kasuwannin gwari za su iya zama a kan wannan, in sun so.

Ku kuma ƙannena da yayyena likitoci, in an miƙo muku takarda kada ku ji nauyin tambaya, kada ku ji kunyar cewa a ƙara. Ku kai ta gida, ku zauna da tsohon da ya biya kuɗin makarantar. Ko bai iya karanta Turancin ba, ku fassara masa, zai gaya muku inda aka ɓoye ramin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a neman kowa.